Abuja zuwa Riyad ta jirgin sama: kilomita nawa ne, kuma me ya sa tikitin ya ce awa 14?

Wani saurayi ɗan Jega ne ya aiko mini da wannan tambaya, na ga ta fi ƙarfin amsar layi biyu a waya. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Baba, barka da hutawa. Allah Ya ba ni gurbin karatu a wata jami'a a Riyad. Na duba a waya na ga an ce tsakanin Abuja da Riyad 4,500 ne, wani shafin ya ce 2,800, wani kuma 2,430. Ejan ɗin da zai yankar mini tikiti ya turo mini wanda za a tashi Abuja ƙarfe 1 na rana, a yada zango a Adis Ababa, a sauka Riyad ƙarfe 5 na asuba, an rubuta jimlar tafiya awa 14, ni kuwa da na ƙirga da yatsa 16 na samu. Mahaifina da ya je Hajji a 2019 daga filin jirgin Ambursa kusa da Birnin Kebbi ya ce, 'Mu awa biyat munka yi munka sauka, wanga yaro cutar ka za a yi.' To, wa ke da gaskiya?"

Ɗana, Allah Ya sa albarka a karatun. Ka kwantar da hankalinka, ka kuma kwantar da na Alhaji: babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Kowa abin da ya auna daban ne. Na yi shekaru ina aikin tsara tafiyar jirage, wato zama a ofis da taswira da rahoton iska a fitar wa matuƙi hanyar da zai bi da yawan man da zai sha, kuma abin da aikin ya koya mini tun makon farko shi ne nisan da ke tsakanin gari da gari daban, hanyar da jirgi ke bi daban, lokacin da fasinja ke ci kuma wani abu ne na uku.

Mu fara kawar da rikicin lambobi ukun nan, domin shi ne mai sauƙi. Duk abu ɗaya suke faɗa, mudun awon ne ya bambanta, kamar a ce maka buhun shinkafa tiya kaza ne, wani ya ce mudu kaza. 4,500 kilomita ne. 2,800 mil ne irin na Ingila da Amurka, wanda kowane ɗaya mita 1,609 ne. 2,430 kuwa mil ɗin teku ne, mai mita 1,852, kuma shi matuƙa jirgin sama da na ruwa ke aiki da shi. Wannan na ƙarshe ba da ka aka tsara shi ba. Da'irar duniya digiri 360 ce, kowane digiri an raba shi gida 60, to gida ɗaya daga cikin sittin ɗin nan a doron ƙasa shi ne mil ɗin teku guda. Shi ya sa matuƙi ke son sa, yana duban taswira ya ƙirga digiri ya san nisan da ya rage.

Wani ɗan bambancin da za ka ƙara gani: wani shafin daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari yake aunawa, wani daga filin jirgi zuwa filin jirgi. Filin Nnamdi Azikiwe yana yamma da birnin Abuja, na Sarki Khalid kuma yana arewa da Riyad da kamar kilomita 35, saboda haka in aka auna daga fili zuwa fili abin yakan kai kusan 4,530. In kuwa ka ga wanda ya ce 5,000 da ɗan ɗoriya, to daga Legas ya auna, ko dai bai san an mayar da babban birni Abuja tun 12 ga Disamba 1991 ba, ko kuma ya ɗauka duk jirgin Najeriya daga Ikeja yake tashi.

Yanzu ita 4,500 ɗin, daga ina aka samo ta? Ka shiga cikin gida ka aro ƙwaryar Hajiya, babba mai sumul, ka kife ta a ƙasa. Ɗiga gawayi wuri biyu a bayanta, ɗaya Abuja ɗaya Riyad. Ɗauki zare ka danne bakinsa a ɗigon farko, ka ja shi ya miƙe tsam zuwa na biyu. Inda zaren ya kwanta da kansa, nan ce hanya mafi gajarta a bayan ƙwaryar, ba ka da ikon taƙaita ta sai dai in za ka huda ƙwaryar, Hajiya kuma ba za ta yarda ba. Abin da kwamfuta ke yi ke nan da lissafi. Tana ɗaukar matsayin garuruwan biyu, Abuja tana wajen digiri 9 arewa da layin tsakiyar duniya da digiri 7 da rabi gabas, Riyad tana kusan digiri 25 arewa da kusan 47 gabas, ta fitar da kusurwar da ke tsakaninsu in an tsaya a cibiyar duniya an dube su. Kusurwar tana fitowa digiri 40 da kusan rabi. Kewayen duniya kilomita 40,000 ne da 'yan kai, kowane digiri ke nan yana cin kamar 111. Ninka 40 da rabi sau 111, ga 4,500 ɗinka.

Na zauna na bi zaren nan a taswira don in ga ta inda ya ratsa, abin ya ba ni sha'awa. Yana barin Abuja ya nufi gabas maso arewa, ya wuce ta gefen Jos, ya bi ta kan Bauchi, ya bi ta kan Maiduguri kamar da gangan, ya shafi kudancin Tafkin Chadi, ya keta ƙasar Chadi, ya shiga hamadar arewacin Sudan ya tsallake kogin Nilu wajen Dongola, can arewa da Khartum, ya haye Bahar Maliya, ya shiga Saudiyya tsakanin Jidda da Madina, sannan ya miƙe cikin hamada har Riyad. Wanda ya san labarin alhazan ƙafa zai ga farkon hanyar ba baƙo ba ne. Kakanninmu ta Barno suke fita, su bi ta Chadi da Darfur, su yi noma a hanya su sami guzuri, har su kai Sawakin a bakin teku, wasu bayan shekaru, wasu kuma can suka zauna, zuriyarsu na Sudan har gobe. Jiragen farko da suka sauka Kano a 1925, guda uku na sojan saman Ingila, su ma daga Masar suka taso suka biyo ta Sudan da Chadi suna yada zango.

Wannan lissafin zaren kuma shi ne lissafin alƙibla, ba wani ba. Daga Birnin Kebbi, in ka ja zaren zuwa Makka, yana tashi ne a kan digiri 70 daga arewa, wato gabas amma a karkace zuwa arewa da kamar digiri 20. Dalilin da ya sa za ka ga sabon masallaci bai yi daidai da layin titi ba ke nan, mutane na cewa magini ya karkace, alhali shi ne ya daidaita. Malaman Musulunci sun rigayi jirgin sama da ƙarnuka a wannan fanni. Al-Biruni, a ƙarni na 11, ya hau dutse a yankin da yake Pakistan a yau ya auna girman duniya, ya kuma yi aiki mai zurfi kan fitar da nisan garuruwa da alƙiblarsu. Abin da wayarka ke yi cikin ƙiftawar ido, shi da alƙalami da haƙuri ya yi shi.

Kada taswirar bangon aji ta ruɗe ka. Yawancinsu a kan tsarin da wani Bature mai zanen taswira, Marketa, ya fitar a 1569 suke, wanda ke kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya ya bar namu a tsuke. Shi ya sa mutum zai rantse Landan ta ninka Saudiyya nisa. Abuja zuwa Landan kusan kilomita 4,770 ne, Abuja zuwa Riyad 4,500. Bambancin bai kai 300 ba, bai wuce minti 20 a sama ba.

To, a ce akwai jirgin da zai ɗauke ka daga Abuja ya bi zaren nan bai tsaya ko'ina ba. Manyan jiragen da ke irin wannan tafiya, su Airbus A330 da Boeing 777, in sun kai samansu, ƙafa 35,000 zuwa 39,000, suna cin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Raba 4,500 da 850, awa biyar da minti 20 ke nan. Sai dai jirgi ba ya fara wannan gudun daga ƙasa. Akwai jan jiki daga inda aka shiga zuwa bakin titin tashi, akwai hawa na kusan minti 25, akwai saukowa a hankali, wani lokaci a sa shi ya yi ta kewaya gari yana jiran layi. Kamfani kuma daga rufe ƙofa zuwa buɗe ƙofa yake ƙirga lokacinsa. In ka haɗa duka, awa shida ne, ko ƙasa da haka kaɗan.

Maganar Alhaji kuwa tana kan hanya. Shi ba Riyad ya je ba. Daga filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa zuwa Jidda kusan kilomita 3,830 ne, zuwa Madina kuma kusan 3,950. Yi lissafin da muka yi yanzu, za ka samu awa biyar cif ko kusa da haka. Jirginsu na alhazai ne, shata aka yi, ya cika a Ambursa bai sake taɓa ƙasa ba sai Saudiyya. Riyad kuwa tana can tsakiyar ƙasar, tsakaninta da Jidda kusan kilomita 850 ne ta sama, tafiyar awa ɗaya da rabi, ya fi Birnin Kebbi zuwa Abuja nisa nesa ba kusa ba. Mutanenmu da yawa in an ce Saudiyya sai su ɗauka gari ɗaya ne, Makka a tsakiya sauran unguwanni. Ka shirya jin "ka gaishe mini da Ka'aba" daga bakin gwaggonninka, ka amsa da to, amma ka sani sai ka yi wata tafiyar kafin ka gan ta.

Akwai kuma abin da ya canja tsakanin Hajjin Alhaji da yau, kuma a nan nake so in daɗe, don shi ne abin da waya ba ta gaya maka. Sama ba daji ba ce da kowa ke ratsawa yadda ya ga dama. An yanka ta gunduma-gunduma, kowace da masu kula da ita. Ta Najeriya ana kiran ta da sunan Kano, hukumar NAMA ke riƙe da ita. Kana fita ta gabas sai a miƙa ka ga Njamena, wadda ke ƙarƙashin ASECNA, hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen da yawancinsu Faransa ta raina. Daga nan Khartum, daga Khartum sai Jidda. A cikin kowace gunduma akwai hanyoyi shatattu masu suna da lamba, da tashoshin da ba a gani da ido, sunansu harufa biyar, matuƙi na isa ya kira ya ce ga ni a wuri kaza, ƙarfe kaza, tsayi kaza. Har tsayin ma da ƙa'ida: mai tafiya gabas yana hawa ƙafa 35,000 ko 37,000 ko 39,000, mai dawowa yamma 34,000 ko 36,000 ko 38,000, don kada su yi gaba da gaba. Waɗannan hanyoyin ba su kwanta daidai kan zarenmu ba, suna ɗan lanƙwasa nan da can, saboda haka ko a rana mai lafiya jirgi yakan ƙara wani abu a kan 4,500.

Ranar da babu lafiya fa? A 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Koma ka dubi zaren: babban yankinsa a kan Sudan yake kwance. Dole jirage suka nemi zagaye, ɗaya daga hanyoyin shi ne a gangara kudu ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya, a bi ta wajen Yuganda da Kenya, a hauro Habasha, sannan a tsallaka teku. Tafiyar da aka saba yi awa huɗu da rabi zuwa biyar ta doshi bakwai. Jirgi irin A330 yana shan mai kusan tan shida a kowace awa, awa biyu ƙari ke nan tan 12. Man nan kuma nauyi ne, jirgi yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi, musamman da tsakar rana a filayenmu na arewa inda zafi ke sa iska ta yi sako-sako fiffike bai samun abin kamawa sosai. In mai ya ƙaru, ko kaya su ragu ko kujeru su tafi babu kowa. Daga nan ne ƙarin dala 250 da kamfanonin jigilar alhazai suka nema a shekarar ya samo asali. Mutane sun yi ta zagi a majalisun hira ana cewa wayo ne, ni kuwa da na san yadda takardar mai take, ban ga wayo a wannan ba.

Ba a gama da wannan ba sai ga na maƙwabta. Sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a 26 ga Yuli 2023, ranar 6 ga Agusta suka rufe samaniyar Nijar, ba su buɗe ba sai farkon Satumba. Jiragen da ke zuwa Turai daga Abuja da Legas, waɗanda hanyarsu ta kan Nijar da Aljeriya take, suka koma zagaye. A taswira Landan ba ta matsa ko taku ɗaya ba, amma tafiyar ta ƙara tsawo. Mu mutanen Kabi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Yamai tana nan kusa, kilomita 255 kacal daga Birnin Kebbi in tsuntsu ne, rabin nisan Abuja ke nan, wadda take kusan 520. Amma lokacin da aka rufe iyakar Kamba, wanda ke da 'yar'uwa a Gaya ko Doso ya san kusa ba ta nufin isa.

Sai iska. Ka taɓa tsayawa bakin ruwa a Yawuri ka ga mai kwalekwale? In ya bi ruwa yana gangarawa, tuƙi kaɗan tafiya mai yawa. In ya juyo yana haurowa, gumi yake yi kamar ya tsaya wuri ɗaya. Jirgin sama a cikin kogin iska yake iyo. Da hunturu akwai wata iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a kan arewacin Afirka da ƙasar Larabawa, gudunta kan wuce kilomita 200 a awa a tsakiyarta. Mai zuwa Riyad a lokacin tana tura shi, mai dawowa tana tare masa gaba, sai ka ga tafiya da dawowa sun bambanta da rabin awa ko fiye a hanya ɗaya. Da damina kuma wata ce ke tasowa daga wajen Indiya ta ratso kan ƙasashenmu daga gabas zuwa yamma, lissafin ya juye. Ga hadarin damina, wanda kansa kan kai tsayin da jirgi ke tafiya har ya wuce. Matuƙi ba ya shiga cikinsa, kewaye shi yake yi, ko da zai ƙara kilomita 100. Na sha zama da dare ina sake zana hanya saboda hadari ɗaya da ya tsaya a kan Tafkin Chadi ya ƙi gusawa.

Yanzu mu zo kan tikitinka. Kai ba shatar alhazai za ka hau ba, jirgin kasuwa ne, shi kuma inda fasinja suke yake bi. Mafi yawan tikitin da za ka samu daga Abuja zuwa Riyad sai an kai ka gidan kamfanin tukuna, a sauke ka, a haɗa ka da mutanen da suka zo daga wasu ƙasashe, a sake loda ku. Kamar motar kasuwa ce da ba ta zuwa ƙauyenku kai tsaye, sai ka sauka tashar Jega ka jira ta cika. Ethiopian Airlines gidansa Adis Ababa: daga Abuja zuwa can kusan kilomita 3,460, daga can zuwa Riyad kusan 1,960, jimla 5,400 da ɗoriya, ƙarin kusan 900 ke nan a kan zare. EgyptAir ta Alƙahira yake bi, 3,440 da 1,610, jimla kusan 5,050, shi ne mafi kusa da miƙaƙƙiyar hanya. Qatar Airways zai wuce da kai gaba da Riyad har Doha, kusan 5,020, sannan ya dawo da kai baya kusan 500. Turkish Airlines kuwa sai ya kai ka Istanbul, bakin Turai, ya sauko da kai, jimla kusan 6,600. Duk waɗannan a kan zare na auna su, ban sa zagayen yaƙi ko na hadari ba.

Ka lura da wani abu: ko ta Adis Ababa, zaman da za ka yi cikin jirgi bai wuce awa bakwai da rabi ba, kamar huɗu da minti 45 a zangon farko, kusan uku a na biyu. Sauran awa shida da rabin a kan kujerar filin jirgi za ka cinye su, kana kallon allo. Awa 14 ɗinka ke nan. Su kuma 16 da ka ƙirga, agogo ne ya yi maka wasa. Habasha da Saudiyya duk suna gaban Najeriya da awa biyu, kuma kowane lokaci da aka rubuta a tikiti na garin da abin zai faru ne. Ƙarfe 5 na asuba a Riyad, ƙarfe 3 na dare ne a Jega. Daga 1 na rana zuwa 3 na dare, 14. Ranar dawowa za a biya ka awa biyun nan, ka ga tafiyar ta yi kamar ta gajarta.

Na taɓa ganin wani dattijo, Allah Ya jiƙansa in ya rasu, zaune a zauren jira a wani filin jirgi a ƙasar waje, da carbinsa da butarsa ta roba, agogon hannunsa na nan a kan lokacin gida. An kira jirginsa har sau uku da wani Turanci da bai kama ba, shi kuwa yana duban agogo yana ganin da sauran awa biyu. Da na duba takardarsa na ce, "Baba, ai jirginku ya rufe ƙofa," sai ya nuna mini agogon da yatsa kamar mai kafa shaida a gaban alƙali. Kwana ya yi a wurin. Saboda haka kana sauka Adis Ababa, kafin ka nemi banɗaki ko wurin salla, gyara agogonka ya yi daidai da na bangon filin, ka nemi lambar ƙofarka a allo, ka je ka gan ta da idonka, sannan ka zauna kusa da ita.

Da ni ne zan zaɓa maka, ba zan dubi kilomita ba sam. Kuɗin tikiti ba da tsawon hanya ake yanka shi ba, sau da yawa mai zagaye ya fi araha, don kamfanin yana neman cika kujerunsa ne. Abin da zan duba shi ne tsawon jiran. Ƙasa da awa biyu ganganci ne ga wanda bai taɓa fita ba, jirgin farko na makara da minti 40 ka rasa na biyu. Awa uku zuwa shida daidai ne. In ya haura takwas, tambayi ejan tun yanzu ko kamfanin na ba da masauki, da kuma ko ana bukatar bizar wucewa. Ka tabbata zango biyun a tikiti ɗaya suke, lamba ɗaya, domin a haka ne akwatinka zai wuce kai tsaye har Riyad, kuma in jirgin farko ya makarar da kai nauyin kamfani ne ya sa ka a wani. Masu haɗa tikiti biyu daban-daban don a rage 'yan dubbai, ranar da abin ya ɓaci su kaɗai ke kuka. Takardar shaidar karatunka da fasfo da bizarka da maganin da kake sha, a jakar hannu, kada su shiga awo.

Kada kuma ka manta tafiyarka ba daga Abuja ta fara ba. Daga Jega ta mota, ta Koko da Yawuri da Kwantagora har Suleja, wuni guda ne cur, in hanya ta yi kyau. Ta jirgi daga Ambursa kusan kilomita 500 ne, awa ɗaya. Abin dariyar shi ne duk wannan wahalar ba ta kusantar da kai Riyad da wani abin kirki ba: daga Ambursa kai tsaye kusan 4,650 ne, daga filin Abuja 4,530, ka yi tafiyar 500 ka ci ribar 120, saboda kudu ka gangara alhali Riyad tana arewa maso gabas. 'Yan'uwanmu na Zamfara sun fi mu sanin wannan, su da suka daɗe suna yin yamma zuwa Sakkwato kafin su hau jirgin da zai kai su gabas. In tafiyarka ta faɗo cikin hunturu, kada ka dogara da jirgin Ambursa na ranar da za ka tashi. Hazo na iya rufe fili jirgi ya kasa sauka, na ga an soke tashi saboda haka ba sau ɗaya ba. Ka isa Abuja da kwana ɗaya a hannu, ka kwana wurin ɗan'uwa, ka kasance a filin jirgi awa uku kafin lokaci.

Tikitin da ejan ya turo maka, in lamba ɗaya ce kuma kuɗinsa bai fi na sauran ba, ban ga aibinsa ba. Ka ce masa dai ya duba maka na Alƙahira ya gwada jiran da kuɗin, in ya fi sauƙi ka ɗauka. Alhaji kuma ka kai masa ƙwarya da zare, ka ɗiga masa Ambursa da Jidda, ka ɗiga Abuja da Adis Ababa da Riyad, ka bar shi ya ja da hannunsa. Ka gaishe mini da shi, ka ce ina yi masa barka da arziki.